Martani: Alƙalamin Talla a Aji Ake Fiƙe Shi

Rubutun talla shi ne duk maganar da aka tsara a rubuce domin a sanar da mai saye wata haja, a kuma jawo ra'ayinsa gare ta. Allon da ke saman ƙofar shago yana ciki, haka takardar da ke manne a jikin kwalbar magani, da sanarwar da mai gabatarwa ke karantawa a rediyo, da saƙon da kamfanin waya ke turowa, da 'yan layukan da mai sayar da atamfa ke sawa a ƙarƙashin hoto a WhatsApp ko Instagram. Abu guda ya haɗa su: lokacin da mai saye ke karantawa, mai haja ba ya wurin, sau da yawa hajar ma ba ta wurin. Rubutun ne kaɗai yake tsayawa a madadin su biyun.

Wani marubuci ya kawo ra'ayin cewa darasin insha'i da ake yi a makaranta ba shi da wata alaƙa da ingancin wannan rubutu. Hujjarsa ta farko ita ce talla baiwa ce da kasuwa ke renonta, domin 'yar talla da dillali da mai maganin gargajiya suna sayar da kaya ba tare da sun taɓa rubuta sakin layi ba. Ya ƙara da cewa makaranta dogon zance da manyan kalmomi take koyarwa, alhali talla gajeriyar magana ce, har ya kafa misali da David Ogilvy, wanda ya bar jami'a babu digiri ya kuma zama uban masu talla a Amurka. Daga ƙarshe ya ce manhajojin kwamfuta yanzu suna rubuta talla cikin ƙiftawar ido, don haka ɓata lokaci ne yaro ya sha wahalar koyon abin da na'ura za ta yi masa. Ra'ayin yana da farin jini, saboda yana faranta wa ɗan kasuwa rai, yana kuma sauke wa ɗalibi nauyi. Akwai ƙamshin gaskiya a wani ɓangarensa, amma hukuncin da aka ɗora a kansa kuskure ne, kuma kuskure mai tsada ga yaran da za su ɗauke shi da gaske.

Gaskiya ne cewa mai ciniki da baki ba ya bukatar insha'i. Dalilin haka yana fili ga duk wanda ya tsaya a Kantin Kwari a Kano. Mai saye za ta ɗauki turmin atamfa, ta murza gefensa tsakanin yatsu ta ji kaurinsa, ta ɗaga shi ga haske, ta tambaya ko yana zuba. Yaron shago yana kallon fuskarta, da ya ga ta yamutsa, ya janyo wani turmin ya ce, "Hajiya, to ga wannan." Ta taya, ya ce albarka, ta ƙara, ya sallama. Rabin cinikin hannu da ido ne suka yi shi, sauran kuma tambaya da amsa nan take. Duk abin da mai haja ya manta bai faɗa ba, mai saye za ta ciro shi daga bakinsa.

Idan aka ɗauki hoton wannan turmin aka sa a waya, aka rubuta "sabon kaya ya sauka, mai so ya yi magana," komai ya canja. Matar da ke kallon hoton a Yola ko Damagaram ko zangon Kumasi ba ta da abin murzawa. Ba ta san ko yadi shida ne cif ba, ko auduga ce ko gauraye, ko launin da waya ta nuna shi ne na zahiri, ko kuɗin mota a kan wa yake, ko kwana nawa kaya za su yi a hanya, ko za a karɓa idan ta mayar. Wasu za su tambaya, mafi yawa za su wuce zuwa hoto na gaba, domin babu mai son cinikin biri a sama. Mai rubutun da ya iya aikinsa shi ne wanda ya hango waɗannan tambayoyi kafin a yi su, ya amsa su bisa tsarin da za su zo wa mai saye a rai, ya kuma bar abin da ba za ta damu da shi ba. Wannan fasaha daban take da zaƙin baki. Kasuwa ba ta koyar da ita, saboda a kasuwa abokin magana kullum yana gabanka.

Aji ne wurin da yaro ke fara yi wa wanda ba ya nan magana. Idan malami ya ce a siffanta kasuwar gari ga baƙon da bai taɓa zuwa ba, ɗalibi zai rubuta cewa kasuwar babba ce kuma akwai kaya iri-iri. Malami nagari zai ja layi da jan biro ya tambaya: babba kamar yaya, kuma waɗanne kaya? Sai yaron ya koma ya rubuta cewa 'yan hatsi suna gabas, mahauta suna bakin ƙofar kudu, ranar Laraba ce take ci. A wannan ɗan gyara ya koyi cewa abin da ke cikin kansa ba ya cikin kan mai karatu, kuma kalma irin "babba" ko "mai kyau" ba ta ɗauke da labari. Mai tallan da ya rubuta "kaya masu inganci a farashi mai rahusa" bai wuce matakin farko na wannan darasi ba. Insha'in labari yana koyar da jeranta abu daga fari zuwa ƙarshe, na bayani yana koyar da yadda ake nuna amfani da abu mataki-mataki, wasiƙa kuma tana koyar da cewa muryar da ake yi wa hakimi magana da ita ba ita ake yi wa aboki ba. Duk waɗannan su ne kayan aikin mai rubuta talla na yau da kullum, sunansu kawai ake canjawa a ofis.

Dogaro da siffantawa wajen ciniki ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, kuma makarantar zaure ta riga ta boko saninsa. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda almajiran ilimi ke karantawa tun ƙarnoni, ta halatta sayar da abin da ba ya wurin bisa siffar da aka bayyana, ta kuma halatta sayen abin da ke cikin dila bisa takardar da ta lissafa abin da ke ciki, ba tare da an kwance ta ba. Muwaɗɗa ta Imamu Malik ma tana da babi a kan wannan ciniki. Sharaɗin shi ne siffar ta zama sananniya, kaya kuma su zo daidai da ita. Ma'ana, malaman fiƙihu sun ɗauki rubutaccen bayanin haja a matsayin abin da ke ɗaure mai sayarwa. Fataken goro da ke bin hanyar Gwanja ma sun dogara da malamai masu rubuta musu wasiƙu. Alhaji Umaru na Salaga, haifaffen Kano kuma ɗan fatake, wanda ya rasu a Kete-Krachi a 1934, ya wallafa littafi musamman a kan ƙa'idojin rubuta wasiƙa. Da ciniki daga nesa yana yiwuwa da baiwa kaɗai, da ba a bukaci irin wannan littafi ba.

Hujja ta biyu, wato cewa makaranta dogon zance take koyarwa, ita ce mafi nauyi, kuma dole a ba marubucin haƙƙinsa a kanta. Akwai makarantun da insha'i a cikinsu ya koma hadda: ɗalibi ya haddace buɗewar wasiƙa da rufewarta, ya tara karin magana da kalmomin ƙamus don ya burge mai duba jarrabawa, ya cika shafi da maimaici don ya kai adadin kalmomi. Wanda aka rena a haka zai rubuta tallan da ke farawa da doguwar gaisuwa da tarihin kamfani, mai sauraro ya murɗa tasha kafin a kai ga sunan haja. Wannan aibi ne na gaske. Amma aibin mummunar koyarwa ne, kuma ba shi ne abin da manhajar karatu ta nema ba. A jarrabawar Turanci ta WAEC, hukumar da aka kafa a 1952, ana duba insha'i ta fuska huɗu: abin da aka faɗa, yadda aka tsara shi, yadda aka bayyana shi, da kiyaye ƙa'idojin rubutu, kuma iya bayyanawa ce ke ɗaukar kaso mafi girma na maki. A cikin wannan takarda dai akwai sashen taƙaitawa, inda ake ba ɗalibi dogon rubutu a ce ya fitar da jigonsa cikin 'yan jimloli, a kuma rage masa maki idan ya cusa abin da ba a tambaya ba. Marubucin ya manta da wannan sashe gaba ɗaya, alhali shi ne ya fi kowanne kusanci da aikin talla.

Gajeren rubutu ya fi dogo wuya, domin sai an san komai game da abu kafin a san abin da za a zubar. Sanarwar rediyo daƙiƙa 30 ce ko 60, kuma kowace daƙiƙa kuɗi ce. Saƙon tes na waya haruffa 160 yake ɗauka, kuma da zarar an sa harafi mai lanƙwasa irin ƙ ko ɗ ko ɓ, tsarin aikawa yana canjawa, wurin ya ragu zuwa haruffa 70. Wanda zai aika wa dubban manoma saƙo game da taki dole ya zaɓi abin da zai shiga: sunan takin, farashin buhu, wurin saye, ranar da rangwame zai ƙare. A intanet ma haka abin yake. Binciken da Jakob Nielsen ya wallafa a 1997 ya nuna cewa kashi 79 cikin ɗari na waɗanda aka gwada suna bin shafi da ido sama-sama ne, kashi 16 kacal suke karantawa kalma bayan kalma, kuma masu karatun sun nuna ƙyamar rubutun da ya cika da kuranta kai. Mai karatu irin wannan yana bukatar a sa masa muhimmin abu a jimlar farko ta kowane sakin layi, wato abin da malamin insha'i ke nanatawa tun ƙaramar sakandare.

Misalin Ogilvy kuwa, idan aka bi tarihinsa, ya juya wa mai kawo shi baya. Gaskiya ne ya bar Oxford babu digiri, ya yi aikin kicin a wani otal a Paris, ya kuma bi gida-gida a Scotland yana tallan murhun Aga. Amma kafin Oxford ya yi karatu a Fettes College da ke Edinburgh, kuma gurbin tallafin karatu ya ci ya shiga jami'ar don nazarin tarihi, fannin da dukkan horonsa rubutun insha'i ne. Abin da ya fitar da shi daga tallan ƙofa-ƙofa ma rubutu ne: a 1935 ya rubuta wa sauran masu tallan murhun littafin jagora, kuma wannan littafin ne ya sa wani kamfanin talla a Landan ya ɗauke shi aiki. Daga baya ya yi aikin bincike tare da George Gallup a Amurka kafin ya kafa kamfaninsa a New York a 1948. Shahararren tallansa na motar Rolls-Royce, wanda ya fito a 1958, ya biyo bayan makonni uku da ya ce ya yi yana karanta bayanan motar, kuma tallan kansa jerin bayanai ne masu lamba, ɗaruruwan kalmomi, babu kirari. Mutumin ya rasa takardar shaida ne, horon rubutu kuwa ya same shi tun yana yaro, kuma har ƙarshen aikinsa yana matsa wa ma'aikatansa su koyi rubutu mai sauƙi da tsabta.

Akwai wani ɓangare da marubucin bai taɓo ba sam, kuma shi ne ya fi cancantar damuwa, wato gaskiyar abin da talla ke faɗa. Insha'in muhawara yana koya wa ɗalibi bambanci tsakanin iƙirari da hujja: idan ka ce abu kaza ya fi kaza, sai ka kawo dalili, ka kuma tanadi amsar wanda zai musa. Wanda bai sami wannan horo ba yana ganin ƙarfin talla yana cikin girman alkawari. Daga nan ake samun kwalba guda da aka ce tana maganin basir da sanyi da shawara da hawan jini da ciwon suga, mara lafiya ya ajiye maganin asibiti ya rungume ta. Mai maganin da marubucin ya yaba wa zaƙin baki sau da yawa irin wannan ciniki yake yi, kuma yawan masu saye ba shi ne ma'aunin ingancin talla ba idan masu sayen suna cutuwa.

Doka ma ta daɗe da ɗaukar kalmomin talla da muhimmanci. A Ingila a 1892, kamfanin Carbolic Smoke Ball ya sha kaye a kotu saboda tallan da ya buga, inda ya yi alkawarin fam 100 ga duk wanda ya yi amfani da maganinsa yadda aka umarta amma mura ta kama shi, ya kuma ce ya ajiye fam 1,000 a banki don nuna da gaske yake. Wata mata mai suna Louisa Carlill ta yi amfani da shi, mura ta kama ta, ta nemi kuɗinta. Kamfanin ya ce ai zancen talla ne kawai, kotun ɗaukaka ƙara ta ce jimlar ajiye kuɗi a banki ta mayar da shi alkawarin da ke ɗaure. Har yau ɗaliban lauya a Nijeriya suna karanta wannan shari'a. A nan gida, dokar 2022 ta kafa hukumar kula da talla ta ARCON a madadin APCON ta 1988, kuma tana bukatar a tantance talla kafin a fitar da shi; tallan magani da abinci kuma sai da amincewar NAFDAC. Mai rubutun da bai san nauyin bambanci tsakanin "yana warkarwa" da "yana taimakawa wajen rage zafi" ba, zai jefa uban gidansa cikin tara, ya jefa mai saye cikin hatsari.

Ga mai rubuta talla da Hausa akwai ƙarin dalili. Ƙa'idojin rubutun Hausa, da raba kalmomi da haruffa masu lanƙwasa, a aji kaɗai ake koyonsu, domin kunne ba ya nuna inda kalma ta rabu. Allon mai ɗori da aka rubuta wa "kashi" a maimakon "ƙashi" ya faɗi abin da mai shi bai nufa ba, kuma mai wucewa zai auna hankalin mai aikin da allonsa. Babbar matsalar ma ta wuce haruffa. Tallace-tallacen manyan kamfanoni da yawa da Turanci ake tsara su a Legas, sannan a miƙa wa wani ya juya. Idan mai juyawar bai yi zurfi a rubutun Hausa ba, sai a sami kalmomin Hausa a kan ginin jimlar Turanci, mai sauraro ya gane kowace kalma amma ya ji maganar ba tasa ba ce. Kunnen Bahaushe mai karatu ya saba da wani ma'auni, wanda Abubakar Imam ya taimaka wajen kafawa da Magana Jari Ce da kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ya fara yi wa edita a Zariya a 1939. Imam kansa malamin makaranta ne a Katsina kafin ya zama marubuci, kuma littattafan Magana Jari Ce don ajin karatu aka shirya su. Wanda ya taso da irin wannan Hausa yana jin inda jimla ta karkace tun kafin ya iya faɗin dalili, kuma shi ne zai iya ajiye takardar Turancin gefe ya sake gina saƙon daga tushe.

Batun na'ura ba ya bukatar dogon bayani. Tun fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022, samar da jimloli ya yi arha, wannan ba abin musu ba ne. Amma na'urar ba ta taɓa atamfar ba, ba ta san ko launinta yana zuba ba, ba ta san matan unguwar da ake nufi ba. Wani ne zai bayyana mata hajar da mai saye da manufar tallan, kuma wannan bayanin shi kansa insha'i ne. Wani ne kuma zai karanta abin da ta fitar ya gane inda ta ƙara alkawarin da ba a yi ba, da inda Hausarta ta bi ginin wani harshe. Aikin ya tashi daga rubutawa ya koma gyarawa, kuma ba a gyara rubutu sai an iya shi. Idan kowane shago yana ɗibar jimloli daga rijiya guda, wanda ya iya faɗin takamaiman gaskiyar kayansa ne zai fita daban.

Abin da ya rage daga ra'ayin marubucin, bayan an tace, ƙorafi ne a kan yadda ake koyar da rubutu, kuma a nan ya kamata a karkata muhawarar. Insha'i ba ya gina kowa sai an karanta shi an mayar wa mai shi da gyara, ya sake rubutawa. A makarantun gwamnati da yawa, yawan ɗalibai a aji ya sa malami ba ya iya duba rubutun kowa ko sau ɗaya a mako, sai darasin ya koma kwafar abin da ke kan allo. Inda malamai suka fi cin nasara, sukan rage tsawon aikin su ƙara yawan maimaita shi: sakin layi guda, a musanya tsakanin ɗalibai, kowa ya ja layi a inda bai gane ba, a sake rubutawa. Ana iya ɗauko aikin daga rayuwar yaran kansu, tunda da yawansu suna tsaron shago ko kai talla bayan an tashi. A ce wa yarinya ta rubuta bayanin ƙuliƙulin mahaifiyarta ga wanda ke wani gari, cikin kalmomi arba'in, da farashi da awo da kwanakin da yake yi bai lalace ba, ba tare da kalmar "mai daɗi" ba. Sannan a ba abokiyar zamanta ta karanta, ta lissafa tambayoyin da har yanzu ba a amsa mata ba, a mayar wa mai rubutun ta cike su ba tare da ta haura kalmomi arba'in ɗin ba.